Kafirar da ke Cikin Injin Kabo

A Gafasa in an ce Kabo ba a tambayar wane Kabo. Masassaƙi ne ɗan masassaƙi, gajere mai faɗin ƙirji, mai taurin kai irin wanda in ya ce yau rana daga yamma ta fito, gara ka ƙyale shi ka tafi gonarka. Tun kafin a ba ƙasa mulkin kai yake sassaƙa turmi da taɓarya da akushi da kujerar mata. Babu amaryar da aka fitar daga garin, ko Ajingi aka kai ta ko Toranke ko bayan Gaya, da aka kai ba tare da turminsa a gaban kaya ba. Shi ma ba ya bari a manta da haka. In yana tafiya ya ji daka daga wani gida, sai ya tsaya tsakiyar hanya ya karkata kai ya ce, "Nawa ne wannan, ƙiryar fadamar gabas ce," ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Shi da matarsa Hure sun daɗe kafin Allah Ya ba su haihuwa. Da ta zo, mace ce, aka sa mata Barira, kuma daga ita ba a ƙara ba. To 'yar fari ce, Kabo kuwa mutum ne mai riƙe kunya da hannu biyu. Bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. "Yarinyar can" yake cewa, ko da tana zaune kusa da ƙafarsa. Shekarar da ƙyanda ta kwantar da ita bai ko leƙa ɗakin ba, bayan ɗakin ya zauna yana sassaƙar muciya, bai tashi ba sai da aka ce ta sha kunu. A lokacin muciyar ta koma tsinken sakace.

Injin yankan itace ya shigo gidan ne bayan yaƙin basasa. Ƙanen Kabo, Datti, wanda ya yi shekaru a kurmi yana aikin katako, shi ya zo da shi a buhu, tsoho, fentinsa duk ya kankare, da wata doguwar sarƙa mai haƙora a baki. Datti ya tara mutane gindin tsamiyar ƙofar gida, ya taka injin da ƙafa, ya fizgi igiya. Abin da ya biyo baya har yau ana ba da labarinsa. Awaki suka tsinke, wata tsohuwa ta yar da ƙwaryar nono, wanzamin gari ya haura katangar da a kwanakin lafiya sai ya zagaya ta. Kafin a dawo reshen tsamiya yana ƙasa. Kabo kaɗai bai motsa ba, kuma wannan ba jarumtaka ba ce, ƙafafunsa ne suka ƙi ɗagawa. Da ƙura ta lafa sai ya tofa yawu ya ce abin da zai yi wannan ihun a kan reshe ɗaya ba shi da tarbiyya. Datti ya koma kurmi ya bar masa shi, Kabo ya tura shi ƙarƙashin rumbu, kaji suka mai da shi wurin kwana.

Shekarar da aka yi canjin hannu, motoci suka koma bin dama, Kabo shi hagu ya koma. Wani reshen maɗaci ne ya ɓalle ya sauka a kafaɗarsa ta dama yana cikin daji shi kaɗai. Ya dawo gida bai gaya wa kowa ba. Kumburin ya sace, amma hannun ya daina wuce kunne, gatari kuwa sai an ɗaga shi sama da kai yake cin itace. Masu zuwa neman turmi sai ya ce musu itacen kirki ya ƙare a ƙasar Gaya, shi kuma ba zai ɓata sunansa da gawo ba. Ya koma yin cokula da ludayin katako yana cewa hutawa yake yi.

Ana cikin haka aka sa ranar auren Barira da Tukur, wani manomi ɗan Toranke da ita kanta ta nuna tana so. Aka ce bayan an gama sussukar gero za a kai ta. A damunar nan kuma iska ta kayar da wata ƙatuwar ƙirya a bayan rugar Kawu Bubayero, itacen da Kabo ya yi shekaru yana kallo yana haɗiyar yawu. Ya je ya shafa ta, ya ƙwanƙwasa, ya ji ta amsa. Ga itace, ga biki ya matso, hannun da zai raba gungumen da jikin bishiyar ne babu. Abin da ke cin ransa ke nan. 'Ya'yan kowa sun tafi da turminsa, tasa za ta tafi da na kasuwa.

Ranar da ya jawo injin daga ƙarƙashin rumbu sai da ya tabbata mata sun tafi rijiya. Ya kakkaɓe kashin kaji, ya girgiza ya ji sauran mai a tanki, ya taka da ƙafa yadda ya ga Datti ya yi, ya yi bisimilla, ya fizgi igiya da hagu. Injin ya yi tari ɗaya, irin wanda baƙo ke yi a zaure don a san ya zo, ya yi shiru. Ya sake ja. Ya yi ta ja har tafin hannunsa ya tashi, tarin nan dai yake samu.

A haka Kawu Bubayero ya same shi. Bubayero Bafulatani ne dogo da ya daɗe da zama a gefen gari har ya kama noma, amma bai daina kallon komai a matsayin saniya ba. Shi da Kabo sun fi shekara talatin suna zagin juna, kuma babu ranar da ɗaya ya ci goro bai ɓara wa ɗayan ba. Ya zagaya injin da sanda a kafaɗa, ya tsuguna ya leƙa haƙoransa.

"Ta rame," in ji shi. "Kaɗo, dabba ba ta tashi don an ja ta da igiya. Lallashi ake yi."

"Kawu, wannan ƙarfe ne."

"Ƙarfen da ke tari? Kanwa take so."

Ya ciro kanwa daga aljihu ya goga mata a sarƙa, ya yi mata fito, ya kira ta da sunan wata saniyarsa da ta mutu. Kabo ya ja igiya, don kada a ce bai gwada ba. Tari ɗaya. Bubayero ya ce to wannan ba ciwon daji ba ne, na birni ne, a kai ta Gaya.

Ranar kasuwar Gaya Kabo ya naɗe injin a tsohon zanen Hure don kada a ga yana yawo da abin da ya zaga, ya ɗora a jaki. A Gaya akwai wani Maiwada mai gyaran babur, wanda rumfarsa ke manne da ɗakin injin niƙa, wurin da ko uwarka ce ta kira ka sai dai ka ga bakinta yana motsi. Maiwada ya shinshina tankin ya yamutsa fuska. Ya kwance wani murfi, ya nuna wani ɗan dunƙulen ƙarfe da bai fi ƙwan agwagwa ba, ya sa baki kusa da kunnen Kabo.

"Kafireta ce, Baba. Ta ƙazantu. Sai an cire ta an yi mata wanka."

Kafireta sunan ɗan ƙarfen ne, inda fetur da iska ke haɗuwa kafin su shiga cikin inji. Duk mai babur ya san wannan. Kabo ba shi da babur, kuma rabin kalmar injin niƙa ya cinye.

"Kafira?" ya ce, yana ja da baya.

Maiwada ya ɗauka faɗar mutanen ƙauye ce. Ya gyaɗa kai. "Ita ce. Duk injin da ya ƙi tashi, ita ake fara tuhuma."

"A ciki take zaune?"

"Ga ta kana gani."

Kabo ya roƙe shi ya yi mata wankan shi da ya saba da irinsu, amma Maiwada motar Kano ke jiransa, zai je neman kayan gyara, kuma ba zai dawo ba sai wani watan. Ya nuna wa Kabo notunan da za a kwance, ya haɗa masa fetur da baƙin mai a galan, ya ce a zubar da tsohon man da ya koma ja, ya rataya jakarsa ya tafi.

A hanyar komawa Gafasa ne komai ya warware wa Kabo sarai. Ashe shi ya sa. Abu ya fito daga kurmi, ya yi ta aiki a hannun wanda duk ya samu, sannan a kawo shi gidan da ake salla biyar a ce ya yi aiki? Ya tuna cewa duk sanda ya yi bisimilla sai ta yi tari. Ya tsayar da jaki, ya cire buzun sallarsa daga ɓangaren da injin yake ya mayar ɗaya ɓangaren. Bai ji haushinta ba, tausayi ma ta ba shi. Shekaru tana ƙarƙashin rumbu babu wanda ya taɓa kiran ta zuwa ga hanya.

Bayan la'asar ya samu liman, Malam Abdulsalam, a zaurensa. Suka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan Kabo ya rage murya.

"Allah gafarta Malam, in mutum yana da kafira a gida, yana so ta shiryu, yaya ake yi?"

Liman ya ajiye carbi. "A gidanka, Malam Kabo? Tun yaushe?"

"Tun zuwan Datti. Ban sani ba sai yau."

"A ina take kwana?"

"Ƙarƙashin rumbu."

Liman ya yi salati a hankali. Ya ce abu na farko a fitar da baiwar Allah daga nan, na biyu a tambaye ta in tana so, don ba a tilasta wa kowa. In ta yarda sai ta yi wanka, mata su nuna mata yadda ake yi, in tana so a sa mata suna. Ya tambaya ko tana jin Hausa.

"Tari kawai take yi."

"To ba ta da lafiya ke nan. Me kuke ba ta?"

"Fetur da baƙin mai."

Liman bai ƙara tambaya ba, takalmi ya sa ya ce a je ya gani. Da aka yaye zanen ya ga wadda ake magana, sai ya zauna a kan turmin Hure ya yi dariya har rawaninsa ya kunce. Da ya samu numfashi ya ce wa Kabo ƙarfe ba ya da addini, ba a ce masa kafiri, ba a ce masa musulmi, ya nemi mai gyara. Kabo ya raka shi ƙofa da ladabi. A ransa kuwa ya yanke cewa Malam littattafan mutane ya karanta, Maiwada shi ne ya karanta na inji, kuma duk su biyun sun ambaci wanka.

Washegari da safe ya ɗebo ruwan rijiya a bokiti. Bai cire ta daga cikin injin ba, bai ma yaye zanen ba, don yana ganin bai kamata namiji ya gani ba. Ya kau da kai ya sheƙa ruwan ta saman zane. Ya buɗe tanki ya zuba ludayi guda don ta kurkure baki. Ya jira ta huta, ya ja igiya.

Wannan karon ko tarin babu.

Ya ja har hannun hagun ma ya gaji. Ya zauna a ƙasa, injin na gabansa yana ɗigar ruwa. A lokacin an gama sussuka, mata sun fara jiƙa gero don biki, Barira tana gidan gwaggonta ana mata gyaran jiki. Hure na gefe tana sheƙar dawa, ta daɗe tana kallonsa ta wutsiyar ido.

"Malam," ta ce, "akwai turame a kasuwar Ajingi. Ba wanda zai ce komai."

"Ni zan ce."

Ya murza ƙasa da yatsa. Sannan ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Ya ce shekara goma sha tara yarinyar can tana gidan nan bai kira sunanta ba, bai shafa kanta ba, bai ce mata sannu ba ko da take kwance. Duk abin da ya tara zai gaya mata a cikin turmin nan yake, in babu turmi to ta tafi ke nan bai ce mata komai ba. Ya sunkuya yana matse jiƙaƙƙen zanen.

Hure ta ajiye faifai. "Na san kafaɗar," ta ce. "Tun ranar da ka fara sa hula da hagu na sani. Na ƙyale ka ne da itacen kirkinka da ya ƙare."

Kunya ta rufe Kabo, amma ya ji wani nauyi ya sauka.

Da ya labarta mata yadda suka yi da Maiwada da liman, Hure ba ta yarda akwai wata kafira ba, ba ta kuma ce babu ba, ta daɗe da sanin cewa gardama da mijinta ɓata yawu ne. Ta bi ta hanyarsa. Ta ce Malam Abdulsalam cewa ya yi mata su yi wankan, shi kuma ya yi da kansa, laifi na farko ke nan. Na biyu, wadda abincinta fetur ne ka sheƙa mata ruwan rijiya? Kai in aka sheƙa maka fetur za ka yi magana? Ta ce ya ciro ta ya ba ta, ya koma bayan zana.

Kabo ya kwance notunan da sifanar da Datti ya bari, yana kallon gefe, ya miƙa ɗan ƙarfen cikin ƙyalle. Hure ta zuba fetur a tasa, ta ɗauko kibiyar tsifar kai, da allura, da gashin kaza, da guntun asuwaki. Duk abin da ta kwance sai ta jera a faifai yadda ya fito, kamar yadda take jera kwanukan ɗaki. Kabo na bayan zana yana ba da umarni bisa tsarin alwala, don kada a tsallake farilla.

"Ki fara da baki."

"Bakin ƙaro ne ya daskare a ciki, ja wur." Ta sa asuwaki.

"Sai hanci."

Hure ta leƙa inda iska ke shiga. "Malam, zanzaro ya yi gini a hancinta. Ɗaki biyu da zaure."

"Shi ya sa take tari," in ji Kabo, cike da gamsuwa.

Ta fasa ginin da kibiya, ta share da gashin kaza. Da aka zo kunnuwa ta samu wasu 'yan ƙananan ramuka da ko allura da ƙyar take shiga, ta tsokace su ɗaya bayan ɗaya, ta sa baki ta hura har ta ji iska ta fita ta ɗaya gefen, ta tofar da yawu tana cewa in dai wannan ne abincinta to dole ta yi baƙin hali. Ta juye tankin ta zubar da ruwa da tsohon mai, ta ɗauraye da fetur. Wani farin abu mai kama da haƙorin jaki, wanda daga baya aka gaya musu fulogi ne, shi ma ta sa aka kwance ta goge. Ta shanya komai a kan danga kamar kwanukan da aka wanke, ta zauna tana korar kaji.

Da rana ta yi sanyi ta mai da kowane abu inda ya fito. Wani ɗan zobe ɗaya ya yi saura a faifai, an rasa mazauninsa. Kabo ya juya shi a tafin hannu ya ce wannan tsohon halinta ne, ba a mai da shi. Ya ɗaure shi da zare a mariƙin injin don ta riƙa gani tana tunawa.

Ya zuba sabon mai, ya taka, ya yi bisimilla, ya ja. Tari. Ya sake ja. Tari biyu da wani ɗan gurnani. A na gaba gidan ya ɗauka gaba ɗaya. Hayaƙi shuɗi ya turnuƙe tsakar gida, kaji suka haye rumbu, wanzamin nan da ke wucewa a waje ya sake haura katangarsa ta da. Kabo ya tsaya rungume da abin yana karkarwa har haƙoransa na haɗuwa, hawaye na bin kuncinsa, ya ce hayaƙi ne. Ranar Laraba ce, don haka ba a sha wahalar neman suna ba. Larai aka sa mata.

Da gari ya waye aka nufi ruga. Kabo ya wasa haƙoran sarƙar da magagari, wannan kam aikinsa ne. Man shafa wa sarƙa babu, Hure ta ba da man gyaɗa, saboda haka da Larai ta kama ƙirya rugar duk ta ɗauki ƙanshin ƙuli-ƙuli. Shanun Bubayero ba su tsaya jin ƙanshi ba, suka yanki daji. Shi kuwa bai bi su ba, ya tsaya ya dafe bayan Kabo da hannu biyu don kada Larai ta tafi da shi, yana ihu a kunnensa cewa ai kanwarsa ce ta yi aiki a makare. Gungumen ya rabu da bishiyar kafin a sha furar hantsi. Sai dai mai kafaɗa ɗaya ne ya yanka, yankan ya tafi a karkace, kuma da aka so gyarawa man ya ƙare.

Sauran aikin na gizago ne da garwashi. Kabo ya riƙa ƙona tsakiyar yana ƙwaƙulewa da hagu, kaɗan-kaɗan, hannun da bai saba ba yana kuskure yana gyarawa. Bai gama ba sai safiyar ranar da za a tafi da kayan ɗaki. Ya shafa mai, ya tsayar da shi a tsakar gida, ya ja baya ya duba. Cikin ya yi kyau, bakin ya yi kyau. Gindin ne bai zauna ba. In ka taɓa shi sai ya rusuna gefe ɗaya ya dawo. A duk turamen da ya sassaƙa a rayuwarsa babu mai wannan aibi, kuma shi ne na 'yarsa. Ya ji gara ƙasa ta tsage. Ya fara jan buhu zai rufe shi.

Sai ga Barira ta fito daga ɗaki da lalle a hannu. Ba ta dubi mahaifinta ba, shi ma bai dube ta ba. Ta zagaya turmin, ta taɓa shi ya rusuna. Ta tsuguna ta ɗauki wani guntun kasko ta tura a ƙarƙashi, ta zuba gero tafi ɗaya, ta ɗauki taɓarya. Turmin ya amsa da zurfi, dum, sai kaskon ya bi shi da wani ɗan ƙas. Ta yi ta yi, dum ƙas, dum ƙas. Sannan ta jingine taɓaryar ta juya wajen uwarta.

"Inna, ki ce wa Baba ya yi."

Kabo ya sunkuya kan injin da ke jingine da rumbu, yana gyara zaren da ba abin da ya same shi.

"Larai, kin ji," ya ce. "An ce ya yi."

Da Maiwada ya dawo daga Kano labarin ya riga shi zuwa. Ya tari Kabo a kasuwa, nesa da injin niƙa, ya yi masa bayani dalla-dalla cewa kafireta ya ce, sunan ƙarfen ne a bakin Turawa, babur ma yana da ita, motar Kano ma tana da ita. Kabo ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai.

"To ai maganata ke nan," ya ce. "Da kafireta ce. Yanzu Larai ce." Ya kuma ba Maiwada shawara ya daina hawa babur ɗinsa haka nan sai an yi masa abin da ya dace.

Larai ta yi aiki damuna biyu ko uku, ta yanke wa mutane itatuwan da suka faɗo a hanya, sannan wata rana igiyarta ta tsinke ta shige ciki, aka rasa wata. Kabo bai ƙara sassaƙa turmi ba, na Barira ne na ƙarshe. Amma bai daina fita da Larai ba. Lokaci-lokaci sai ya naɗe ta a zane ya ɗora a jaki ya ce zai je Toranke duba wani itace. Uba ba ya zuwa gidan 'yar fari ya zauna, kuma Kabo bai taɓa taka zauren Tukur ba. Akwai dai wata ɗorawa a bayan katangar gidan, nan yake sauke kaya da la'asar, lokacin da mata ke daka.

Mutanen Toranke sun san Larai ba ta da igiya. In wani ya tsaya ya ce, "Baba Kabo, me ake yi a nan?" sai ya ce Larai ce ke son shan iska. Su ce Allah Ya ba ta lafiya, su wuce.

Daga cikin gari daka ke tashi ta kowane gida, shi kuwa ya karkata kai har ya tsinto nasa, dum ƙas, dum ƙas. Wannan kaɗai ne turmin da bai taɓa cewa "nawa ne" da baki ba. Tukur ya taɓa kawo kafinta don a daidaita gindin, Barira ta ce a bar mata kayanta. Tukur ya kuma sha yin mamakin abin da ke sa wasu ranaku matarsa ta gama daka, ta kwashe, ta tankaɗe, sannan ta mai da garin cikin turmi ta ci gaba da bugu har magariba ta kawo kai. A irin waɗannan ranaku ne ake jin kukan jaki a bayan katanga.